Ruwa da Mai Ba Sa Ga Maciji: Shawarwari ga Uwargida da Maigida

Duk wanda ya taɓa duba ganyen gwaza da damina ya ga yadda ɗigon ruwa ke dunƙulewa a kansa, ya gangara bai jiƙa shi ba. Kaki ne siriri ya lulluɓe ganyen. Ƙwayar ruwa oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu, kuma cajin lantarkinta a karkace yake, shi ya sa ƙwayoyin ke riƙe juna kamar maganaɗisu. Mai, kitse, kaki da kananzir kuwa sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin, ba su da wannan karkata. Ruwa ba ya samun makama a jikinsu, sai ya koma ga 'yan'uwansa. Irin waɗannan su ake kira masu gudun ruwa.

1. Idan man suya ya kama da wuta, kada a zuba ruwa. Wannan ita ce shawarar da ta fi damuna, domin hannu kan riga tunani zuwa wajen bokiti. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan kasko yake nutsewa. Yana tafasa a digiri 100, alhali man da ke ci da wuta ya haura 300. Nan take sai ya zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watso mai da wuta fuskar mai girki har zuwa silin. Uwargida, ki kashe gas ko risho, ki rufe kaskon da murfin ƙarfe, ki bar shi ya huce.

2. Tabon manja a riga, a fara goga masa sabulu kafin a tsoma a ruwa. Ƙwayar sabulu kai gare ta mai son ruwa da wutsiya mai son mai. Wutsiyar ta kama maiƙo, kan ya ja shi cikin ruwan ɗauraya.

3. Yaji ya yi yawa a baki? A kurɓi nono ko madara. Sinadarin zafin barkono a mai yake narkewa, ruwa yaɗa shi kawai yake yi.

4. Da hunturu a shafa man kaɗanya bayan wanka, tun jiki da danshi. Ba ruwa yake ƙara wa fata ba, hana wanda ke ciki fita yake yi.

5. Kaskon da abinci ba ya kamawa an shafe shi da Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938. Kada a bar shi a wuta babu komai ciki, yana fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260. Cokalin katako ne nasa.

6. Yaro ya sha kananzir? Kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai. Kananzir na saurin zarcewa huhu, can ne haɗarin yake. A cire masa kayan da suka jiƙe, a garzaya asibiti. Maigida, don Allah ka daina ajiye kananzir da fetur a robar lemo ko ta ruwan sha.