Idan Nono Ya Ƙi Zuwa Bayan Haihuwa: Darasi Kan Raunin Fituwitari

Darasinmu na yau ya shafi wata cuta da ke ɓuya a jikin mata shekara da shekaru, ana ɗaukar ta gajiyar raino ko sammu.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa Allah Ya halicci wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake, wanda likitoci ke kira fituwitari. Ni da aikina injiniyanci ne, ina kwatanta shi da ɗakin ba da umarni a masana'anta: idan wutarsa ta ɗauke, injuna sai su tsaya ko da lafiyarsu ƙalau. Shi ke aika sinadaran homon cikin jini, ya umarci tayirod da ke wuya ya daidaita ɗumi da kuzarin jiki, ya sa ƙullutun da ke saman ƙoda su fitar da kotizol mai riƙe ƙarfin jini da sukari. Zuwan nono da jinin haila ma da umarninsa suke.

Lokacin goyon ciki ƙullutun nan yakan ƙara girma, buƙatarsa ta jini ta ƙaru. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, wani sashensa na iya mutuwa. Likita ɗan Birtaniya Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937, shi ya sa cutar ke ɗauke da sunansa. Alamominta su ne rashin zuwan nono, ɗaukewar haila, kasala, jin sanyi, jiri da zubewar gashin hammata.

Da yawa daga iyayenmu da matanmu a gida suka haihu, kafin su zo ƙasashen da cutar ta yi ƙaranci. Likitan nan ba lallai ya yi tunaninta ba. Don haka, 'yar'uwa, ki faɗa masa tarihin haihuwarki, ko an shekara goma, ki nemi gwajin jini.

Maganin shi ne maye gurbin abin da ya ɓace: haidirokotizon, sannan lebotayiroksin, galibi har ƙarshen rayuwa. Barin haidirokotizon farat ɗaya na iya kisa, kuma zazzaɓi ko tiyata na buƙatar ƙarin adadinsa bisa umarnin likita. Kafin Ramadan, a zauna da likita a kan batun azumi, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.