Darasin Lafiya: Yadda Ciwon Daji Yake Gane Hanya Cikin Jiki

Jama'a manoma, ba wanda bai san wuta-wuta ba a cikinku. Irinta yakan kwanta a ƙasa shekara da shekaru, ba ya tsira sai saiwar dawa ko gero ta matso kusa. Saiwar tana fitar da wani ɗan ruwa, shi ne ke tashe shi. Ku riƙe wannan, gama zai taimake mu fahimtar darasin yau.

Ciwon daji na nono yakan fara da ɗan ƙullutu marar zafi. Sau da yawa ba ƙullutun nan ke kisa ba. Abin tsoro shi ne ranar da waɗansu ƙwayoyinsa suka ɓalle, suka bi jini, suka kafa sabon ciwo a wani wuri. Kuma ba ko'ina suke sauka ba. Sun fi son huhu, da hanta, da ƙashi, da kaluluwar hammata.

A shekara ta 1889 wani likita ɗan Ingila, Stephen Paget, ya bincika bayanan mata 735 da wannan ciwo ya kashe. Ya ga ciwon yakan kama hanta ƙwarai, amma da wuya ya kama saifa. Sai ya kwatanta ƙwayar ciwon da iri, gaɓoɓin jiki kuwa da ƙasa: iri ba ya tsira sai inda ƙasa ta karɓe shi. Kai ka ce manomi ne!

Sai a 2001 Anja Müller da Albert Zlotnik da abokan aikinsu suka nuna ɗaya daga cikin dalilan. Jikinmu yana yin waɗansu sinadarai da ake kira kemokin. Aikinsu na kirki ne: su ke kiran fararen ƙwayoyin jini, dakarun jiki, zuwa inda ake bukatarsu. Kowace ƙwaya tana da abin sansano kiran a bayanta, mu ce hanci. To, ashe ƙwayoyin ciwon nono ma suna da irin hancin nan da yawa, musamman wanda ake kira CXCR4. Sinadarin da yake sansanowa, CXCL12, ya fi yawa a huhu, da hanta, da ɓargo, da kaluluwa. Kun ga wuraren da muka ambata ke nan. Ƙwayar ciwo tana amsa kiran da ba nata ba, kamar yadda wuta-wuta ke amsa na dawa.

Da aka toshe hancin nan a jikin ɓeraye, yaɗuwar ciwon zuwa huhu ta ragu sosai. Amma ɓera ba mutum ba ne. Har yanzu asibitoci ba su da maganin irin wannan da ke hana ciwon nono yaɗuwa, don haka kada wani mai talla a kasuwa ya ruɗe ku.

Abin da ke hannunmu shi ne lokaci. Mace ta riƙa shafa nononta da hammatarta sau ɗaya a wata, bayan ta gama al'ada. In ta ji ƙullutu, ko ta ga kan nono ya shige ciki ko yana fid da jini, ta tafi asibiti cikin makon nan. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma likita kaɗai zai iya rabewa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Maigida kuma, kada ka ce a jira sai an sayar da gyaɗa. Ka nemi rancen kuɗin mota daga asusun ƙungiya.