Ƙwaya Ɗaya Kullum, Shekara Biyar

'Yata, an gama tiyata, an gama ƙarin ruwan kimo, gashin kanki ya fara tohowa, masu zuwa dubiya sun ragu. Yanzu likita ya ɗora ki a kan tamoxifen, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum har shekara biyar, wataƙila ma ya ƙara zuwa goma. Wannan zangon ya fi na baya yaudara. Kina girkinki, kina zuwa suna da biki, sai zuciya ta fara raya miki cewa me ya kai mai lafiya shan magani.

Tsokar da aka cire miki aka auna, an ga sankarar mamanki irin wadda ke samun ƙarfi daga sinadarin jikin mata ce, wanda likitoci ke kira istirojin. Aikin ƙwayar shi ne ta tare hanyar sinadarin, don duk ɓurɓushin cutar da ya ɓuya ya rasa abin da zai rayu da shi. A 2011 masana a Oxford sun haɗa bayanan dubban mata, suka ga shan ta na shekara biyar yana rage mace-mace daga irin wannan sankara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amfaninta ba a jin sa a jiki. Wahalarta ce ake ji.

Kina zaune lafiya lau zafi zai taso daga ƙirji ya haye fuska, gumi ya jiƙe ɗankwali ko da sanyin hunturu ne. Da tsakar dare ki farka matashin kai sharkaf. A bazara, ga shi an ɗauke wuta, sai ki ji kamar ki yi jifa da kwalin maganin. Ki ajiye leshi mai nauyi, ki koma atamfar auduga sakayau, ki rage yaji da shayi mai zafi, ki kwana da ruwan randa a kusa. Mata da yawa abin yana lafa musu bayan 'yan watanni.

Akwai waɗanda kunya ke hana mu faɗa: rikicewar al'ada, farin ruwa, bushewar gaba, raguwar sha'awa. Idan bakinki ya yi nauyi a gaban likita namiji, ki ja nas gefe. Maigidanki ma ki sanar da shi, kada ya ɗauka gudunsa kike. Amma abu biyu ba sa jiran ranar kilinik. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe miki farat ɗaya, to jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, ki tafi asibiti a ranar. Haka jinin da ya zo ba lokacinsa ba, domin ƙwayar takan taɓa mahaifa, ko da yake ba kasafai ba. In za ki yi doguwar tafiya, ta Umara ko ta motar Legas, ki riƙa motsa ƙafa kina shan ruwa.

Sai maganar haihuwa, wadda na san dangin miji ba za su bari ta kwanta ba. Abin mamaki, a Ingila aka ƙirƙiro maganin nan wajen shekarun 1960 da niyyar hana ɗaukar ciki, sai aka ga yana ma taimaka wa mace ta saki ƙwai. Saboda haka kada ɗaukewar al'ada ta ruɗe ki. Ciki yana shiga, maganin kuma yana iya yi wa ɗan tayi illa. Ƙwayoyi da alluran tazarar haihuwa na yau da kullum ba su dace da ke ba, ki nemi a zaɓa miki hanyar da babu sinadari. In kina son ƙarin haihuwa, da likita za a tsara lokacin, ba da surutun tsakar gida ba.

Azumi ba matsala, ki mayar da shan ƙwayarki lokacin sahur ko buɗa-baki. Addu'a kuwa ki yawaita. Jiƙe-jiƙen da 'yan uwa za su kawo da kyakkyawar niyya ne nake so likita ya gani kafin ki kai baki.

Kuɗi ya fi gumi hana barci. Ƙwayar kanta tana cikin masu sauƙin farashi a magungunan sankara, sai dai wata sittin ba wasa ba ne, ga kuɗin mota, ga hoto, ga gwajin jini. Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya a ƙarƙashin hukumar NHIA, jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano. Amma kati a jaka ba ya biyan komai sai an bi sawunsa. Ki je teburin inshora a asibitinki ki tambaya dalla-dalla: maganin nan yana ciki? Hoton mama fa? A tsarin ma'aikatan tarayya mara lafiya yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani, kuma kafin a tura ki babban asibiti sai an karɓo lambar izini. Ki karɓe ta tun kafin ranar ganin likita. Ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya labarin asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda asibitocin koyarwa na Zariya da Gombe suke cikin na farko.

Ki riƙa sayen maganin wata mai zuwa tun kina da sauran na mako biyu, saboda yajin aiki da yankewar magani, kuma ki duba lambar NAFDAC. In aljihu ya yi ƙasa, kada ki raba ƙwaya biyu ko ki riƙa tsallake kwana don ta kai ki ƙarshen wata. Ki faɗa mana, mu iyayenki, a yi karo-karo.

Ga wata magana da ba ta da daɗin ji. Inshorar da kike ciki da sunan maigida take. Aiki yana ƙarewa, ritaya tana zuwa, zaman aure ma sai Allah. Ba fata nake miki ba, Allah Ya bar ku tare. Amma ki bincika yadda ake yin rajista da sunanki ke kaɗai da abin da ake biya a shekara, ki ajiye kwafin sakamakon gwajinki da rasit ɗinki a wurin da hannunki zai kai ko da yaushe.