Daga Jitar Koyo Zuwa Ta Gaba: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Kashe Riyal Ɗinka A Riyad

 A bidiyon wannan makon mun ɗan ajiye wayoyi da kwamfutoci mun ɗauko jitar lantarki, saboda tambayar da 'yan'uwa mazauna Riyad suke yawan yi mini: "Na yi shekara ɗaya ko biyu da jitar da na fara koyo da ita, yanzu wacce zan saya?" Bidiyo ba ya ɗaukar dogon bayani, shi ya sa na kawo sauran a nan.

Amsata ita ce: kada ka sayi sabuwa sai ka iya faɗin ainihin abin da tsohuwar ta hana ka yi. Yawancinmu nema ya kawo mu ƙasar nan, ga haya, ga aike gida ƙarshen wata. Riyal dubu uku ba kuɗin da za a kashe saboda an ga jita mai ƙyalli a hannun wani ba ne. Kuma sau da yawa abin da mutum yake ɗora wa jitarsa laifi ba nata ba ne: ko iskar Riyad ce, ko rashin saiti, ko amfilifaya. To bari mu fara da waɗannan ukun.

Na farko: bushewar Riyad

Jita itace ce, itace kuwa yana shan danshi yana kuma saki. Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Riyad lokacin zafi danshi kan sauka ƙasa da kashi 15, ga mukayyif yana aiki dare da rana yana ƙara busar da ɗaki. Wanda ya san hunturun Kano, yadda ƙofar katako take tsukewa har ta bar kafa, ya san abin da nake nufi, sai dai a nan abin yana ɗaukar watanni masu yawa.

Idan itacen wuyan jita ya tsuke, ƙarafunan da aka jera a kansa, wato firet, su ba sa tsukewa. Sai bakinsu ya leƙo ta gefe yana kartar hannu. Wuyan kuma yakan ɗan sauya lanƙwasa, sai tsirkiya ta riƙa taɓa ƙarfe tana zizara, ko ta yi sama har yatsu su gaji. Wannan yana samun jitar riyal ɗari biyar, yana kuma samun ta dubu goma. Idan ka canza jita ba ka canza yadda kake ajiye ta ba, bayan 'yan watanni za ka dawo inda ka baro.

Maganin ba shi da tsada. Ka ajiye ta cikin akwatinta ko jakarta a rufe, nesa da bakin mukayyif. Ka sa ɗan ma'aunin danshi a ciki, da jakar danshi irin Humidipak ta D'Addario, ko soso mai ɗan laima cikin robar sabulu da aka huhhuda. Kuma ko na minti ashirin ne kada ka bar jita a mota a rana ta Yuli ko Agusta.

Na biyu: saiti

Jita mai araha takan fito daga masana'anta ba tare da an zauna an daidaita ta ba. Ga gwaji uku da za ka yi a ɗakinka.

Ka ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da saman firet na 12. Abin da aka saba shi ne wajen milimita 2 a tsirkiya mafi kauri, da wajen 1.6 a mafi siriri. Idan ka ga 3 ko 4, ba hannunka ba ne yake da rauni.

Ka buɗe manhajar daidaita sauti a wayarka, ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 ka sake kaɗawa. Dole allurar ta tsaya wuri ɗaya. In ta kauce, ƙananan kusoshin da ke jikin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a cikin jita, su ake juyawa.

Ka ɗora gefen katin banki a kan firet uku a jere. In katin yana rawa, na tsakiya ya fi sauran tsawo, kuma daga nan zizarar take fitowa.

Mai gyara da ya san aikinsa zai daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ya sauke jaki, ya goge bakin firet, ya sa sababbin tsirkiyoyi. Na sha ganin jitar da mai ita ya riga ya sa ta a kasuwa, bayan saiti ya fasa sayarwa.

Na uku: amfilifaya

Jitar lantarki rabin kayan kiɗa ce, ɗaya rabin shi ne abin da ka jona ta da shi. Kwalin da ake sayar wa 'yan koyo yakan zo da ƙaramin amfilifaya mai wat 10 da lasifika inci 6. Ko wace jita ka jona masa, muryar rediyon aljihu za ka ji. Don haka ka ɗauki jitarka zuwa shago, ka roƙi su jona ta da Boss Katana 50, ko Fender Mustang LT25, ko Yamaha THR. In ka ji ta canza murya gaba ɗaya, ka san inda kuɗinka ya kamata ya fara zuwa. Ga wanda yake zaune ɗaki ɗaya da abokan aiki, ƙaramin akwatin sauti na USB irin Focusrite Scarlett da abin sawa a kunne sun fi komai, ka yi atisaye tsakar dare ba wanda ya tashi.

Wani abu kuma: wutar Saudiyya bolt 230 ce, ko da yake wasu tsofaffin gidaje har yanzu suna da layin 127. Amfilifayar da aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take sha. Ka karanta bayanta kafin ka jona, kuma in kana da niyyar tafiya da ita gida, ka tabbata an rubuta 50/60Hz, domin a nan 60 ne, a Najeriya da Nijar 50.

Yaushe ne lokaci ya yi da gaske?

Idan ka wuce waɗancan ukun kuma har yanzu ana fama, to lokaci ya yi. Alamomin su ne: jita tana sauka daga saiti duk bayan waƙa ɗaya ko da an sa sababbin tsirkiyoyi an ja su sun zauna, wuya ya murɗe ta yadda sandar ciki ba ta iya gyarawa, firet sun ci har sun yi rami, kaurin wuyan bai dace da tafin hannunka ba, ko kuma kiɗan da ka koma yi yana son muryar da wannan jitar ba ta da ita. In kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin jitar, ni ban ga dalilin gyara ba.

Me ƙarin kuɗin yake saya?

Ba suna kaɗai ba ne, amma ba kowane riyal ne kunne yake ji ba. Abin da yake canzawa a fili shi ne aikin firet, da kunnuwan da ke riƙe saiti, da ɗan ƙashin saman wuya inda tsirkiyoyi suke bi, da fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mayar da shi sauti.

Babban tsalle yana tsakanin jitar koyo da ta matsakaicin mataki. A nan akwai Yamaha Pacifica 112V, da Squier Classic Vibe wadda take zuwa da fikof na alniko da ƙashi na gaske a saman wuya, da Epiphone Les Paul Standard, da PRS SE waɗanda ake ƙerawa a Indunusiya. Mataki na gaba shi ne irin Fender Player II, wadda ta fito a 2024 daga masana'antar Fender da ke Ensenada a Meziko, an kuma goge gefen wuyanta ya yi santsi a hannu. Daga nan zuwa ƙirar Amurka kuɗin yana ninkawa, bambancin kuwa sai kunnen da ya daɗe. Ga wanda yake shekararsa ta biyu ko ta uku, matsakaicin matakin nan zai kai shi ɗakin naɗar waƙa da dandalin biki ba tare da jin kunya ba.

Wace iri ce ta dace da kiɗanka?

Fikof iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster wadda Fender ya fitar a 1954, muryarsa siririya ce, tsaf, kowace tsirkiya tana fita daban. Aibinsa shi ne yana jawo gunjin wutar lantarki. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson kuma ya hau Les Paul a 1957, yana kashe wannan gunjin, muryarsa kuma ta fi kauri.

In kiɗan Agadas ne ya ja ka zuwa jita, irin na Bombino da Etran de L'Aïr da Mdou Moctar, mai naɗi ɗaya kake nema, domin saurin yatsun nan yana son murya mai fita tsaf. Mdou Moctar, wanda bahago ne, farar Stratocaster yake kaɗawa, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Hannu ne gaba, kaya na biye. In kuwa kiɗan rok mai nauyi kake yi, ka nufi mai naɗi biyu, ko Ibanez RG mai siririn wuya. Wanda bai yanke shawara ba, Pacifica 112V ta haɗa duka biyun a jiki ɗaya.

Ka kuma lura da tsawo. Daga ƙashin wuya zuwa jaki, Fender inci 25.5 ne, Gibson da Epiphone 24.75, yawancin PRS 25. Gajeren ya fi laushi a yatsu kuma firet sun fi kusa da juna. Sai nauyi: Les Paul takan haura kilo 4, Stratocaster wajen 3 da rabi. A zaune ba za ka ji ba, amma ka rataya ta awa biyu a tsaye kafaɗa za ta gaya maka.

A ina za ka saya?

Tun da aka kafa Hukumar Kiɗa ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu a 2020, samun kayan kiɗa a Riyad ya yi sauƙi ƙwarai. Hanyoyi uku ne.

Shago. Unguwar Hilla, kusa da Batha, ta daɗe da suna wajen shagunan kayan kiɗa, ko da yake udu ya fi yawa a can. Akwai kuma sababbin shaguna a arewacin gari. Amfanin shago shi ne ka riƙe da hannunka. Jita biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya ba lallai su yi daidai a hannu ba, don haka wadda ka gwada ita za ka ce a ba ka, ba ta cikin kwali ba. Ka karɓi rasit, ka tambayi garanti, ka kuma nemi a haɗa da saiti cikin ciniki.

Intanet. Ga yadda nake lissafi. Dala ɗaya riyal 3.75 ce. Player II ta fito a kan dala 800 a Amurka, wato riyal 3,000. Ka ƙara harajin kashi 15 cikin ɗari, ya zama 3,450, ba a sa kuɗin jigila da na kwastan ba. In farashin shagon Riyad bai yi nisa da wannan ba, shago ya fi, domin mayar da jita zuwa ƙasar waje wahala ce babba.

Na hannu. A manhajar Haraj ana samun kaya masu kyau, musamman daga waɗanda kwantiraginsu ya ƙare suna shirin tafiya. Amma fa kada ka tura arabun kafin ka gani da idonka. Ka je da kebul da wayarka, ka jona, ka juya kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarƙara. Ka hangi wuyan daga sama kamar mai duba miƙewar sanda. Ka duba bayan kan jitar, domin a nan ƙirar Les Paul ta fi karyewa. Ka duba lambar jikinta a shafin kamfanin. Jabu sun yi yawa: murfin da ke kan Gibson ta asali kusoshi biyu gare shi, in ka ga uku kuma an rubuta Gibson, ka yi sallama ka tafi. Araha ba ta ado.

Yadda zan raba kuɗin

Da a ce riyal 3,000 ne a hannuna kuma ƙaramin amfilifayar kwali nake da shi, ba zan zuba su duka a jita ba. Wajen kashi biyu cikin uku zan ba jita ta matsakaicin mataki, sabuwa ko ta hannu, ragowar in raba tsakanin amfilifaya da saiti da akwati mai tauri. Akwatin nan shi ne zai kare ta daga bushewa a nan, shi ne kuma zai kai ta Kano ko Yamai lafiya ranar da za ka koma hutu. Ka ɗan sassauta tsirkiyoyi kafin ka ba da ita a filin jirgi.

Tsohuwar kuma kada ka yi saurin rabuwa da ita. Kuɗin da za a ba ka a kanta kaɗan ne. Ka bar ta a wani saitin na daban, ko ka koyi gyara a kanta, ko ka miƙa wa ƙanen da yake ta leƙen taka.

A bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu, zan jona jita ɗaya da amfilifaya uku daban-daban ba tare da na nuna wanne ne wanne ba, ku ji da kunnenku ku yanke hukunci. Kafin nan, ka ɗauko rula ka auna firet na 12.