Darasi: Me ya sa kaji ke ramewa da bazara?

Manomi, ka lura da kajinka a watan Afrilu da Mayu? Kana watsa musu hatsi kamar kullum, amma ƙwai ya ragu, kaza ta rame. Kada ka ce baki ne. Sau da yawa ɓarnar tana cikin hanji.

Yadda tsaba ke zama ƙarfi

Tsabar da kaza ta haɗiye, ƙundu ke niƙa ta. Cikin ƙaramin hanji garin yana narkewa, ya koma wani irin sukari mai suna gulukos. Bangon hanji cike yake da ƴan tsinkaye masu laushi. Su ke tsotse sukarin, su kai shi cikin jini. Da shi kaza ke samun ƙarfin yin nama da ƙwai.

Abin da zafi ke yi

Kaza ba ta zufa. Zafin jikinta digiri 41 ne. In zafin gari ya wuce digiri 30, sai ta buɗe baki tana haki, ta rage ci. Jini ya koma wajen fata don ya huce, hanji ya rasa rabonsa. Nan wata guba ke taruwa, tana cin bangon hanji kamar yadda tsatsa ke cin hauyar da aka bari cikin raɓa. Tsinkayen su gajarce. Abinci ya wuce cikin kashi, jiki bai amfana sosai ba. Ƙishirwa, tsoro da cunkoso suna ƙara ɓarnar.

Abin da za ka yi

1. Ka kafa rumfar zana, ka buɗe wa akurki kafar iska.
2. Ka aje ruwa mai sanyi cikin kasko, a inuwa. Kada ya ƙare.
3. Ka ba su abinci da sassafe da maraice. Narkar da abinci na ƙara zafin jiki.
4. Ka haɗa ganyen zogala cikin dussa. Yana da bitamin C da E, masu yaƙar wannan tsatsa.
5. Kada ka ba su dussa mai fumfuna.
6. Ranar kasuwa, ka ɗauke su da asuba cikin kwando. Kada ka rataye su kai ƙasa.

Amma in kaji na mutuwa a jere, da zawo kore, wannan ba zafi ba ne kawai. Maza ka gaya wa ma'aikacin kiwo.

Tambayoyi

A ina sukari ke shiga jini? Me ya sa kaza ke haki? Ku tattauna a dandali, ku aiko mana da amsa.