Shawara ga ɗalibin zane: yadda za ka gama aiki a kan lokaci

Ɗalibin zane, aikin da malami ya ba ka ba irin wanda ake farawa daren jajibirin miƙawa ba ne. Kayan aikin ma suna da nasu lokacin. Fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, yumɓu kuwa in aka gasa shi da sauran danshi, fashewa yake yi. Saboda haka tun ranar da aka ba ka aikin, ware kwanakin bushewa tukuna, sannan ka raba sauran.

Fara da ƙananan zane da fensir a littafinka. Gwada tsari uku ko huɗu, ka nuna wa malami kafin ka taɓa takarda mai tsada, domin gyara a wannan matakin ba ya cin kuɗi. In hunturu ne, lulluɓe aikin yumɓu da jiƙaƙƙen tsumma da leda, kada iska ta busar da shi da wuri ya tsage.

In tunani ya cushe, kada ka kwafo na intanet. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta haɗa dabarun Turai da fasahar gida. Kai ma leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, ka ƙura wa aska takwas ta babbar riga ido, ka duba adon bangon tsofaffin gidajen Zariya.

Ɗauki hoton kowane aiki kafin ka miƙa, shi ne shedarka ranar neman aiki. Kada ka jira gobe, fara yau.