Badujalar Jami'o'in Amurka: Yadda Al'ada Ke Kafuwa

Masana sun nuna cewa al'ada ba sai ta shekara ɗaruruwa take amsa sunanta ba. Takan tsiro ne daga wani abu da jama'a suka yi ta maimaitawa har suka ɗauke shi wajibi. Ƙungiyoyin 'yan badujala na jami'o'in Amurka misali ne da zai taimaki ɗalibi ya fahimci wannan batu.

Asalin yawancin ƙungiyoyin nan horon soja ne. Dokar Morrill ta 1862, wadda ta ba jihohi filaye domin kafa kwalejoji, ta shardanta a riƙa koya wa ɗalibai dabarun soja, shi kuwa fareti ba ya yiwuwa sai da ganga da begila. Ta haka badujalar Jami'ar Jihar Ohio ta samu a 1878. Da wasan ƙwallo irin na Amurka ya bunƙasa, sai makaɗan suka koma filin wasa suna nishaɗantar da 'yan kallo a lokacin hutun rabin lokaci. A 1907 'yan badujalar Jami'ar Purdue suka fasa sahun soja, suka jeru cikin siffar harafin P.

Al'adar da ta fi shahara ita ce ta Ohio, wadda aka fara a 1936. Makaɗa kan bi jagoransu a layi guda, suna tafe suna busa, suna lanƙwasawa kamar alƙalami a kan takarda, har su rubuta sunan jihar a tsakiyar fili. Abin da ke saura shi ne ɗigon harafin "i". Wannan matsayi na mai busa susafon ne, wato wani ƙaton ƙaho da ake saɓawa a kafaɗa, kuma sai wanda ya kai shekara huɗu a ƙungiyar ake ba shi. Idan ya isa wurin sai ya cire hula ya rusuna wa jama'a. Rusunawar nan, wadda a yau ake yi mata kallon farilla, kuskure ne ya haife ta: a 1938 jagoran ya kai mabushin wurin kafin kiɗa ya ƙare, shi kuwa ya rusuna don ya cike lokaci, 'yan kallo suka ɓarke da tafi, shi ke nan abin ya zauna. Mata kuwa ba su sami shiga ƙungiyar ba sai a 1973, bayan dokar 1972 da ta hana wariyar jinsi a makarantun da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya.

Jami'o'in baƙaƙen fata sun bi tasu hanyar. A Jami'ar Florida A&M, William Foster, wanda ya karɓi ragamar badujala a 1946, ya shigo da taku mai sauri da ɗaga gwiwa da rawa. Ƙungiyar ta yi sunan da har aka gayyace ta Paris a 1989 domin bikin cika shekara 200 da juyin juya halin Faransa.

Sai dai a ƙungiyar nan ne aka ga mummunar fuskar al'ada. Bayan wadda ake nunawa a fili, a da akwai wata ta ɓoye da ɗalibai ke gadar wa junansu, inda mai neman karɓuwa zai ratsa motar safa daga gaba zuwa baya 'yan uwansa na dukansa. A watan Nuwamba na 2011 wannan duka ya yi ajalin Robert Champion, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar, yana da shekara 26. An dakatar da badujalar har zuwa 2013, shugaban jami'ar ya ajiye aiki a 2012, kotu kuma ta ɗaure wanda ya jagoranci dukan shekara shida da 'yan watanni.